Kwamiti Ba Gwamnati Ba Ne: 'Yancin Mai Gida A Azagor Idan Rigima Ta Haɗa Shi Da Ƙungiya

Duk baƙon da ya sauka wani gari a gundumar Dakoro a yau, kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa a ƙofar mai gari, za a gabatar masa da shugaban kwamitin rijiya, da na bankin hatsi, da na iyayen 'yan lakkol, da na gidan likita, da na kasuwa, ga kuma shugabannin ƙungiyoyin mata masu asusu. Kowane kwamiti da shugabansa, da ma'ajinsa, da magatakardansa, wani ma har da hatimi a aljihu. Zamanin Janar Seini Kunce, bayan mai gari sai samariya, sai 'yan koperatif. Yanzu kuwa akwai ƙauyen da idan aka ƙirga masu muƙami a cikinsa, sai su kusa kamo yawan magidanta.

Ba mu ce wannan abin ƙi ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da yawa daga cikin pompunan da ke ba da ruwa a yau, da tuni sun zama matattarar awaki in ba don waɗannan bayin Allah da ke bin gida-gida suna karɓar dala-dala ba. To sai dai kuma, zo mu zauna zo mu saɓa. A filin da muke gabatarwa a rediyo, tambayoyin da suka fi zuwa mana daga 'yan kasuwa da iyayenmu mata na arewacin Dakoro kusan iri ɗaya ne. Wannan an hana gidanta ɗibar ruwa saboda mai gidan bai biya karo-karon ginin aji ba. Wancan an kama masa akuya a kan tarar da bai san lokacin da aka yanka ta ba. Wata kuma ta ci bashin asusu, ciniki ya karye, an ce ta fita daga ɗakinta ƙungiya za ta sayar. Dukkansu abu guda suke son sani: shin kwamiti na da wannan iko?

Amsar a taƙaice ita ce, kwamiti na da iko a kan abin da aka haɗu aka mallaka, da kuma abin da mutum ya amince da shi da bakinsa ko da hannunsa. Ba shi da iko a kan gidan mutum. Amma da yake magana ce ta doka, akwai lunguna a cikinta, kuma babu inda lungunan suka fi yawa kamar Azagor.

Ga wanda bai san wurin ba, Azagor ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dakoro, jihar Maraɗi, a bakin kwarin Tarka, inda gonar gero ke ƙarewa, dajin kiwo ya fara. Abzinawa da Fulani da Hausawa ne ke zaune tare, suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. An ƙirƙiro ta ne da dokar 2002 wadda ta yanka ƙasar Nijar zuwa ƙananan hukumomi, aka kuma zaɓi kansilolin farko a watan Yulin 2004. Tana cikin ƙananan hukumomi huɗu na Dakoro, tare da Rumbu da Badar Gula da Soli Tagris, inda ƙungiyar CARE ta gudanar da shirin taimaka wa jama'a su jure wa canjin yanayi daga 2010. Kowane shiri irin wannan idan ya zo, da kwamitinsa yake zuwa. Shirin ya ƙare ya tafi, kwamitin yana nan.

Daga ina kwamiti ya samo ƙarfinsa?

Bari mu ɗan leƙa waje tukuna, domin a gane bambanci. A Amurka akwai unguwannin da idan mutum ya sayi gida, ya shiga ƙungiyar masu gidaje ke nan, ko yana so ko ba ya so, saboda sharaɗin na rubuce a cikin takardun gidan. Ƙungiyar na iya faɗa masa launin fentin da zai shafa, da tsawon da ciyawar ƙofar gidansa za ta yi, kuma a jihohi da dama idan bashin kuɗin wata ya taru a kansa, tana iya bin hanyar doka har a kai ga yin gwanjon gidan. A Faransa, dokar 10 ga watan Yulin 1965 ce ke tsara zaman waɗanda suka mallaki ɗakuna a bene ɗaya, kuma ta ba wanda bai yarda da shawarar taro ba wata 2 kacal ya kai ƙara. Abin lura a nan shi ne, ko a can ɗin, ƙarfin ƙungiya daga takardar da mai gida ya karɓa ranar saye yake fitowa. A karkararmu kuwa gida ya riga kwamiti zuwa. Kakan mutum ne ya kafa darni tun ba a haifi shugaban kwamitin ba, babu kuma wata takardar gida da ta ce sai da izinin kwamiti za a zauna.

Dokar ƙungiyoyi ta watan Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991, ta bayyana ƙungiya da cewa yarjejeniya ce tsakanin mutanen da suka haɗu da son ransu, suna sane da abin da suka shiga. Wato ke nan dokokin ƙungiya 'ya'yanta suka ɗaure, ba duk wanda ke shaƙar iskar garin ba. Idan mace ta shiga asusu, aka karanta mata cewa mai makara za ta biya dala goma, ta ce ta yarda, to tarar ta hau kanta, kuma kada ta zo rediyo tana kuka. Amma idan kwamitin unguwa ya zauna su biyar a ƙarƙashin bedi, ya yanka wa kowane gida jika biyu, ba a kira taro ba, ba a ji ta bakin kowa ba, wannan roƙo ne, ba haraji ba. Haraji doka ce ke kafa shi, ma'aikatar magajin gari ko ta haraji ce ke karɓarsa, kuma da rasit.

Koperatif kuwa tana ƙarƙashin dokar OHADA, wato tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Nijar ke ciki tare da wasu ƙasashen Afirka, wadda aka amince da ita a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Abubuwa biyu ne a cikinta da ya kamata kowace 'yar kasuwa ta haddace. Na farko, kowane ɗan koperatif ƙuri'a ɗaya yake da ita, ko da Alhaji ne ya zuba kaso mafi tsoka. Na biyu, wanda ya fita ko aka fitar yana da haƙƙin a mayar masa da jarinsa bayan an yi lissafin abin da ake binsa. Ba a korar mutum a kuma cinye masa zubi.

Sai kwamitin ruwa, wanda ya fi kowanne haddasa ɓacin rai, domin ana iya kwana ba a je kasuwa ba, amma ba a kwana ba a sha ruwa ba. Dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ta kuma ce mai amfani da shi ya taimaka da kuɗin kula da shi. Duk biyun gaskiya ne, kuma kowane ɓangare rabin da ya yi masa daɗi yake ɗauka. Rijiyar gwamnati ko pompon gari ba na shugaban kwamiti ba ne, ba na wanda ya ba da filin ba ne, amana ce da ƙaramar hukuma ta danƙa. Inda aka ba ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da tankin ruwa, kuɗin ruwan na cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu da hukuma, ba ya wayi gari ya ƙara ba ne don an ce gazuwal ya yi tsada. A ganinmu, wanda ya ƙi biyan kuɗin jarka ba shi da bakin cewa an hana shi jarka. Amma a rufe wa gida guda ruwa, da yara da tsofaffi a ciki, saboda rigimar kuɗin aji, ko ta siyasa, ko don an ce mai gidan ya zagi ma'aji, wannan ba ya cikin aikin da aka ba kwamiti, kuma magana ce da ya kamata ta isa ma'aikatar magajin gari tun ranar.

Batun kama akuya ko ɗauke turmi ko sa wa ɗaki kwaɗo, a nan ba sai mun tsawaita ba. Ƙwace dukiyar mutum saboda bashi aikin kotu ne, kuma akwai ma'aikacin da doka ta ware don aiwatar da shi, wanda ake kira huissier da Faransanci. Ko gwamnati da kanta, idan tana son filin mutum don hanya ko lakkol, dokar 24 ga Nuwamba 1961 da aka gyara a 2008 ta ce sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya diyya ta adalci kafin a taɓa. Abin da gwamnati ba ta yi sai da sharaɗi, ina kwamitin mutum bakwai ya samo shi?

Takardar da ke tsaya wa mutum

Duk wannan bayani yana da amfani ne idan mutum zai iya nuna cewa gidan nasa ne. A nan ne akasarinmu muke faɗuwa. An sayi fili a gaban mutum uku, an yi fatiha, an raba goro, an watse. Bayan shekara 20 biyu daga cikin shaidun sun rasu, na ukun ya tafi Libiya ko Agadas, sai ɗan mai sayarwa ya zama ma'ajin kwamiti, ya ce ai aro ne babansa ya ba da.

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin wannan jiha tamu ta Maraɗi, ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Ba a cika shekara biyu ba aka fitar da dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka daɗe ana shirya ta, wadda 'yan boko ke kira Code Rural. Wannan doka ta yi wa talaka gata babba, ko da yake da yawa ba su sani ba. Ta ce ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar takardar boko, kuma duka biyun kariya ɗaya doka ke ba su. Ta ce 'yan Nijar duka daidai suke wajen neman albarkatun karkara, ba bambancin namiji da mace, ba kuma bambancin asali. Wannan kalma ta asali ba ƙarama ba ce a yankin da har yanzu akan tuna wa mutum ko shi ɗan wane ne idan gardama ta yi zafi.

Dokar ce ta haifar da hukumomin filaye da kowa ke kira Kofo. An fara kafa su a Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya suka bazu: akwai ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai kuma ta gari ko ta rugga wadda mai gari ko hakimi ke shugabanta, da magatakarda mai karatu da rubutu, da wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa. Ita wannan ta garin ita ce ta fi kusa da mai tuyar ƙosai. Tana ba da takardar shaidar mallaka ta gado, da ta saye, da ta kyauta, haka kuma tana rubuta yarjejeniyar aro, da ta haya, da ta jingina. Kafin a ba da takardar mallaka akan yi shela domin mai ja ya fito, a je a ga filin, a kira maƙwabtan iyaka, shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Wasu na ganin shelar tonon asiri ce. Mu kuwa muna ganin ita ce ma ƙarfin takardar, domin wanda ya yi shiru ranar shela, da kunya ya zo bayan shekara goma ya ce bai ji ba.

Inda hukuma ta yanka filaye ta yi fuloti, kamar a cikin garin Dakoro, takardar da ake nema ita ce ta ma'aikatar magajin gari, sama da ita kuma akwai babbar takardar mallaka ta ofishin filaye na ƙasa, wadda aka sauƙaƙa hanyar samunta a 2006 aka raɗa mata suna da Hausa, wato Sheda. Yankan fuloti aikin hukuma ne. Saboda haka idan wani kwamiti ya ce yana sayar da filaye a bakin kasuwa ko kusa da tanki don ya tara kuɗin gyara, ya ba ka 'yar takarda da hatiminsa, ka sayi kifi a ruwa.

Iyakar 1961

Ga lungun da ya sa muka zaɓi Azagor. Ranar 26 ga Mayu 1961, Nijar na da wata tara da samun 'yanci, aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasar Dakoro kwarin Tarka ne alamar wannan iyaka. Arewa da ita dokar ta hana buɗe sababbin gonakin damina, in ban da ɗan abin da makiyaya ke nomawa don cikinsu, ta kuma ce ɓarnar da dabba ta yi wa gonar da aka yi a can ba ta da diyya. Kowa ya san yawan jama'a da fari, musamman na 1973 da na 1984, sun tura manoma sun tsallaka iyakar, garuruwa sun kafu, an haifi 'ya'ya da jikoki. Amma dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ba ta soke iyakar ba, ta sake tabbatar da ita ne, ta kuma hana kowa mayar da filin kiwo na ƙasa ya zama nasa shi kaɗai.

Me wannan ke nufi ga mai gida? Yana nufin magidanta biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, tsakaninsu tafiyar hantsi a kan jaki, suna iya kasancewa a matsayi daban. Wanda gidansa da gonarsa ke ƙasar noma yana iya neman takardar mallaka. Wanda ke cikin hurumin kiwo, gininsa nasa ne, da rumbunsa da dabbobinsa, babu kwamitin da zai taɓa su, amma dajin da ke kewaye da shi ba na sayarwa ba ne, ba a hannunsa ba, ba a hannun hakimi ba, ba a hannun kwamiti ba. Abin da doka ta ba makiyaya a mazauninsu na asali shi ne fifiko wajen amfani da ciyawa da ruwa, kuma fifiko ba ya nufin hana baƙo shayar da garkensa. Haka burtali da mashaya da makwantar dabbobi: na jama'a ne. Wanda ya gina shago a kan burtali, ko da takarda goma ya tara, ranar da aka zo dasa turakun iyaka shagon zai tashi. A nan kam idan kwamiti ya gargaɗe shi tun da wuri, alheri ya yi masa.

Shi ya sa muke ce wa 'yan kasuwar da ke zuwa daga kudu, daga Kornaka ko Maraɗi, suna neman wurin kafa shago ko sito kusa da kasuwannin dabbobi, su fara tambayar Kofo ta ƙaramar hukuma matsayin wurin kafin su zaro ko dala. Tambaya ba ta cin kuɗin mota biyu, shari'a kuwa tana cin jari.

Iyayenmu mata da bashin asusu

A jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, kuma daga nan tsarin ya bazu har ƙasashen da ba su san inda Maraɗi take ba. Asusun nan ya aurar da 'ya'ya, ya sayi tumakin turka, ya tsayar da mata da yawa da ƙafafunsu. Ƙarfinsa kunya ce da amana, ba jandarma ba. To amma idan bashi ya girma, daga jika biyar ya koma jika hamsin, sai a fara neman abin riƙewa, sai ka ji mace cikin matsuwa ta ce, in ban biya ba ku ɗauki ɗakina, ko ku ɗauki gamanata.

A nan akwai abubuwan da ya kamata ɓangarorin biyu su sani. Jingina ba saye ba ce: ranar da aka biya bashi, abin da aka jinginar ya koma hannun mai shi, kuma ƙungiya ba ta da ikon ta zauna ita kaɗai ta ce lokaci ya wuce, ɗaki ya zama nata. Sannan mutum ba ya jinginar da abin da ba nasa ba. Gamana sau da yawa aro ce daga gandun miji, ɗakin kuma yana cikin gidan da 'yan'uwa suka gada ba a raba ba. Ƙungiyar da ta karɓi irin wannan jingina ta riƙe iska, mai bashin kuma ta jawo wa kanta rigima biyu, ta asusu da ta cikin gida. Idan har sai an yi jingina, a je Kofo a rubuta ta, da adadin kuɗin, da abin da aka jinginar, da sa hannun mai abin na gaskiya. Kuma kada a ɗauka cewa rashin ikon ƙwace ɗaki ya wanke mai bashi. Kuɗin na marayu ne da zawarawa irinta, kuma ƙungiya na da damar kai ta gaban mai gari, har gaban alƙali.

Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce matar da mijinta ya rasu da bashin bankin hatsi ko na koperatif a kansa. Tana cikin takaba sai ga wakilai a zaure. Gaskiya ne ana fitar da bashi kafin a raba gado, amma daga dukiyar mamaci ake fitarwa, a zaman magada, ba daga kwanukanta da awakinta ba, in dai ba ita ta tsaya masa ba. Tumunin da take da shi, da rabon 'ya'yanta, ba kwamiti ke yanke su ba. Kotunan Nijar suna bin al'adar masu shari'a a batun gado da na filin da ba a yi wa rajista ba, kuma alƙali na zama da masana al'ada da ke ba shi shawara.

Rumfar kasuwa kuwa hukuncinta daban da na gida, kuma gara a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Ƙasar kasuwa ta hukuma ce. Itacen rumfar da zanar naki ne, wurin kuwa izinin zama aka ba ki. Sarkin kasuwa da ƙungiyar 'yan kasuwa suna tsara layi, suna sasanta masu faɗa, amma raba ki da wurin da kike biyan tikitinsa magana ce ta ma'aikatar magajin gari. Ki adana tikitocin nan da kike ƙunshe gyaɗa da su, wata rana su ne shaidarki.

Ina za a kai kuka?

Matakin farko shi ne cikin ƙungiyar kanta. Ɗan ƙungiya na da damar ya ce a karanto masa dokar da aka ce ya taka, a nuna masa ranar da babban taro ya amince da ita, a kuma buɗe littafin ma'aji. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa, domin sai a tarar dokar ba ta cikin kowane littafi, a kan shugaba kawai take.

Idan ba ta mutu ba, sai gaban mai gari ko hakimi, daga nan sai sarkin da ke sama da shi, na kanto ko na makiyaya. A rigimar ƙasar karkara wannan mataki dole ne, domin dokar 1993 ta ce kafin a je kotu sai sarakuna sun gwada sulhu. Amma a lura da kalmar: sulhu. Dokar sarautar gargajiya ta watan Janairun 2015 ikon sasantawa ta ba su, ba na yanke hukunci ba. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu, kuma ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin da zai sa ta zama tilas. Idan ba a daidaita ba, a rubuta takardar rashin sulhu, ita ce tikitin shiga kotun Dakoro, wadda sama da ita akwai babbar kotun Maraɗi. Ita Kofo ba kotu ba ce, ba ta cewa wane ya yi gaskiya, amma takardunta da sanin iyakokinta su alƙali ke dubawa.

Mun san abin da mai karatu zai ce: to idan ma'ajin kwamitin ƙanen mai gari ne fa, mai garin kuma shi ne shugaban Kofo? Wannan matsala ce ta gaske, kuma a ƙaramin gari kusan kullum haka abin yake. Ba mu ce a yi wa sarki tsaurin ido ba, mutum zai ci gaba da zama a garin bayan shari'a. Amma cikin ladabi yana iya cewa, ranka ya daɗe, ban gamsu ba, a ba ni takarda in ƙara gaba. Wannan ba raini ba ne, hanya ce da doka ta shimfiɗa. Abin da muke ja wa mutane kunne a kai shi ne dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta musu ba, don kawai an ce a yi haƙuri magariba ta yi. Tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, saboda haka ba abin kunya ba ne mace ta ce a fassara mata layi-layi, ko ta zo da ɗanta ɗan kwaleji ya karanta, kuma mai jin Tamajak ko Fulatanci shi ma ya nemi tafinta.

Jandarma kuwa ba su raba gardamar fili. Wurinsu ake zuwa idan an fasa ƙofa, ko an yi duka, ko an kwashi kaya da ƙarfi, ko ma'aji ya ci amanar akwati. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar Disamba 2011 domin marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a manyan kotuna.

Wani canji da ya rikita mutane shi ne na watan Afrilun 2024, lokacin da gwamnatin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Wasu sun ɗauka takardun da tsohon magajin gari ya sa wa hannu sun mutu da tafiyarsa, har wasu 'yan kwamiti na amfani da wannan suna tsorata jama'a. Ba haka ba ne. Takarda ta ofis ce, ba ta mutumin da ya zauna kan kujera ba. Abin da ya ragu shi ne kansilan da mutum zai tara a gida da asuba ya kai wa kuka, don haka yanzu sai a doshi ma'aikatar kai tsaye, kuma gara a kai koken a rubuce, a riƙe kwafi.

Su ma masu gida ba duka ne ke da gaskiya ba, kada a ce mun ɗaure musu gindi. Akwai mai sakin ruwan wankansa a lungu ya ce ai gidansa ne. Akwai mai ciyo hanya da darni taku ɗaya kowace shekara har amalanke ya kasa wucewa. Akwai mai shan ruwan pompo shekara uku bai taɓa ba da ko dala ba, ranar da pompon ya lalace kuma shi ne mai babbar murya. Ikon mutum a kan gidansa a bakin darninsa ya tsaya, lungu da magudana da filin idi na kowa ne, kuma a kansu kwamiti na da cikakkiyar damar ya kai shi gaban mai gari ko hukuma.

Ga wanda ya yi niyyar neman takardar Kofo, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da iyakoki ke bayyane, mutane kuma ba su tafi cin rani ba tukuna. A tafi da katin ɗan ƙasa, da shaidu, da maƙwabtan iyaka, a tambayi kuɗin aikin tun farko, a karɓi rasit. Idan fili na mace ne, sunanta za a rubuta, ba na mijinta ko na wanta ba. A tabbatar an shigar da takardar cikin rajista, an kuma aika kwafi ma'aikatar ƙaramar hukuma. Wadda aka ba mutum a hannu ya sa ta a leda saboda gara da yoyon damina, ya kuma sa wani mai babbar salula ya ɗauki hotonta gaba da baya.